Daren da surukina ya kai ni kallon mawaƙin kaboyi a Houston

Ni likitan dabbobi ne, na ajiye aikin gwamnati a 2015. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya na yi karatu, kuma na fito daidai lokacin da bushiya ta faɗa wa shanun Arewa a 1983. Za ka isa ruga da sassafe ka tarar da Bafulatani zaune bakin garke, shanu sun zube, ko sallama ba ya iya amsawa. Mu kuwa muna yawo cikin tsohuwar Land Rover da akwatin ƙanƙara cike da allurar rigakafi daga cibiyar binciken dabbobi ta Vom, daga wannan ruga zuwa waccan, wata rana a daji za mu kwana. Direbanmu mutumin Filato ne, yana da 'yar rediyo mai cin kaset da yake ajiyewa a tsakaninmu. Kaset biyu ne abin da ya mallaka, na Shata da na Don Williams. In an gaji da wannan a sa wancan. Ta haka kunnena ya saba da kiɗan da Amurkawa ke ce wa kantiri, ba tare da na san daga wane gari mutumin yake ba ko me ya dame shi. Murya ce dai mai sanyi, ba hayaniya, wadda ta dace da mutumin da ya wuni yana ƙirga mushe.

Da na yi aure na shiga gida da wannan ɗabi'a. Uwar yarana, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa son kiɗan ba. Ita Barmani Choge take so. In ta ji na sa kaset sai ta leƙo daga kicin ta ce, "Likita, yau ma mutumin nan naka mai muryar barci ne?" Amma ita ce take goge kasa-kasan, ita ce take hana yara taɓa su, kuma ranar da zaren ɗaya ya tsinke ita ta liƙe shi da jan farce.

Ta rasu da daminar 2015, 'yan watanni bayan na bar aiki. Ciwon suga ne da hawan jini, ta jima tana fama. An yi zaman makoki, an yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, jama'a suka watse. Na sa wa ɗakinta kwaɗo, na jefa makullin a aljihun wata babbar riga da ba na sawa. 'Yan'uwanta suka fara aiko da saƙo a hankali cewa ya kamata a raba gado, haƙƙin yara ne da na mahaifiyarta da ke raye. Kullum amsata ɗaya ce, za a yi. Na daina zuwa kara, na daina zama majalisa bayan la'asar. Makiyayan da suka saba kirana in saniya ta kasa haihuwa suka gaji da buga waya. Ina salla, ina cin abin da aka kawo, ina cewa alhamdu lillahi in an tambaye ni. Ban yi kuka ba ko a maƙabarta, har mutane suna yaba haƙurina, ni kuma na bar su suna yabawa.

A farkon 2017 babbar 'yata ta haihu a Houston, inda mijinta ke aikin injiniya a wani kamfanin mai. Mace aka samu, aka sa mata sunan marigayiya, ana kiranta Ummi. Ƙanwar marigayiya ce ya kamata ta je zaman jego, to ba ta samu biza ba, ni da ba ni da amfanin komai a ɗakin mai jego na samu. Lokacin kuwa kowa yana tsoron tafiya Amurka, don a ƙarshen Janairu Donald Trump ya sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashe bakwai shiga, ciki har da Sudan da Somaliya da Libiya. Babu Najeriya a jerin, amma abokai suka yi ta cewa da wannan hular da wannan gemun daga filin jirgi za a juyo da ni. Jirgin da ke tashi kai tsaye daga Legas zuwa Houston ma ya daina zuwa tun 2016, sai da na bi ta Turai. Ba wanda ya juyo da ni. Tambaya kaɗan aka yi mini aka buga hatimi.

Houston shi ne birni na huɗu a yawan jama'a a Amurka, shimfiɗaɗɗe, ba tudu ba dutse, titi a kan titi. Ba a zuwa ko'ina da ƙafa. 'Yan Najeriya suna da yawa ƙwarai, akwai unguwannin da za ka sayi garin kwaki da manja da daddawa, amma Hausawa 'yan tsiraru ne, kusan duk sun san juna. Ni dai abin bai dame ni ba, don zaman da nake yi a gida shi na ɗauko na kawo. In na idar da asuba in zauna a kujerar falo, a miƙo mini amaryata in riƙe ta har ta yi barci, a karɓe ta, in ci gaba da kallon taga.

Tsakanina da surukina kuwa sai gaisuwa. Yaro ne mai tarbiyya, Bazazzagi. Ko a Houston sai ya cire takalmi ya durƙusa, "Baba, an tashi lafiya? Ya baƙunta?" In ce lafiya lau, Allah Ya yi albarka. Shi ke nan har dare. In na shigo falo ya tashi ya ba ni wuri, in ya shigo na sami abin dubawa a waya. Shekarun aurensu duka ban taɓa cin abinci a gabansa ba.

Shi ya sa da ya sami tikiti bai iya fuskantata da maganar ba, ta bakin matarsa ya aiko. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata ta ce, "Baba, akwai wani bikin shanu da ake yi a garin nan duk shekara, wai ko za ka je ka gani." Da na ji shanu na ɗago. Sai da na amsa sannan ta ƙara da cewa ai bayan shanun akwai mawaƙi, irin kiɗan nan naka. Na tambaya ko Don Williams ne, don a lokacin na riga na san ɗan Texas ne, a wani ƙaramin gari mai suna Floydada aka haife shi a 1939. Ta ce a'a, shi ya daina yawon waƙa tun bara, wannan wani ne, Chris Stapleton. Ban taɓa jin sunan ba. Na so in janye, amma an riga an kashe kuɗi, kuma a farkon shekarar nan dala ta kai naira 500 a kasuwar bayan fage. Duk abin da aka saya mini sai na lissafa shi da naira in ji kaina ya sara.

Ranar wata Alhamis ce a watan Maris. Bikin sunansa Houston Livestock Show and Rodeo, tun 1932 ake yin sa, ana ɗaukar kusan mako uku, kuma mutanen da ke shiga sun haura miliyan 2. Mun ajiye mota a nesa muka hau jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ke sauke mutane a bakin filin. Cikin jirgin kowa da malafar kaboyi da dogon takalmin fata, lauyoyi da ma'aikatan asibiti da ba su taɓa tatsar saniya ba duk sun zama makiyaya. Ni ina cikin kaftani da zanna bukar. Wata tsohuwa ta ce hulata ta fi ta kowa kyau.

Da muka shiga rumfar dabbobi, warin kashin shanu da ciyawa ya buge ni, na ji wani abu ya motsa a ƙirjina wanda ya daɗe bai motsa ba. Rumfa ce mai girman da ba ka hango ƙarshenta, shanu layi-layi, ga fanka a kan kowace, ana wanke su da sabulu ana busar musu da gashi da inji. Na wuce baƙaƙen Angus da jajayen Hereford masu farar fuska ban tsaya ba, na san su a littafi. Inda na tsaya cak shi ne gaban Brahman. Ga tozo, ga fatar wuya tana lilo, ga dogon kunne. Dangin shanunmu ne, na Bunaji da Bokoloji, sai dai waɗannan daga shanun Indiya aka haɗa jininsu, aka kafa ƙungiyar masu kiwonsu a 1924, saboda suna jure zafi da kaska a inda shanun Turai ke faɗuwa. A nan Texas ɗin aka gauraya su da Shorthorn a gonar King Ranch aka fitar da irin da ake kira Santa Gertrudis. Duk wannan mun karanta shi a Zariya mun rubuta a jarrabawa, ga shi yau yana numfashi a gabana.

Mai wani bijimi, dattijo mai jan wuya, ya ga yadda nake duba ƙafafun dabbar ya gane ba ɗan kallo ba ne. Muka shiga hira. Na ba shi labarin Rahaji masu dogon ƙaho da ke tafiya daga Borno har bakin Binuwai da ƙafa, ya riƙe baki. Ya tambayi nauyin Bunaji in ya ƙosa, na faɗa masa, ya yi shiru don kada ya ba ni kunya, domin nasa ya ninka. Na ce masa a kai nasa dajinmu da rani ya yi wata guda a kan kara da ƙaiƙayi mu gani. Ya yi dariya har malafarsa ta faɗi. Ina juyowa na ga surukina yana kallona baki buɗe. Ashe bai taɓa jin na yi magana mai tsawo haka ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a rumfar shi ne yara. 'Yan makarantar sakandare, maza da mata, kowa da maraƙinsa ko tunkiyarsa da ya yi shekara yana kiwo, yana rubuta abin da ta ci da nauyin da ta ƙara. Dabbar da ta zo ta ɗaya a kan yi gwanjonta a kan dala dubu ɗaruruwa, ba don naman ya kai haka ba, attajiran garin ne ke gasar sadaka, kuma mafi yawan kuɗin asusun karatun yara yake shiga. A wurinsu ɗan makiyayi ba abin raini ba ne. Na tuna yaran rugage da na sani, waɗanda suka fi waɗannan sanin saniya nesa ba kusa ba, ba wanda ya taɓa tafa musu.

Magariba ta yi kafin mu shiga babban filin. Muka yi alwala a banɗaki, muka sami wani lungu bayan rumfa, surukina ya shimfiɗa rigar sanyinsa. Ya ja baya, na ja mu salla. Mutane suna wucewa da ƙafar talotalo gasasshiya a hannu, ba wanda ya ce mana uffan. Abinci kuwa mun yi taka-tsantsan, naman alade ya yi yawa a wurin, gasasshiyar masara muka ci. A tsaye muka ci, kowa ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Filin shi ne NRG Stadium, yana cin mutum sama da dubu 70, a cikinsa aka buga wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka wata guda kafin nan. An kwashe ciyawar an zuba ƙasa. A gefensa ga tsohon Astrodome a rufe, inda ake yin bikin kafin 2003. Kujerunmu suna can sama, mutanen ƙasa ƙanana-ƙanana, sai ka dogara da manyan allunan majigi. Aka yi ta gasa, jifan maraƙi da igiya, mata suna sukuwa suna zagaya ganguna, hawan doki mai tutsu. Hawan bijimi shi ne ya tuna mini hawan ƙahon mahautanmu, sai dai namu ta gaba yake tarar sa ya rungume ƙaho, nasu a gadon baya yake zama, hannu ɗaya a igiya ɗaya a sama, kuma daƙiƙa 8 kawai ake nema ya yi. Da yawa ba sa kaiwa. Ni idona a kan bijiman yake, ina duba wanda ke ɗingishi. Aka saki maruƙa aka saki samari da 'yan mata su bi su, wanda ya kama ya ja nasa zuwa tsakiya a ba shi takardar kuɗin sayen dabbar da zai kiwata ya dawo da ita baɗi. Sannan aka kawo 'yan yara masu shekara 5 zuwa 6, an sa musu hular kwano, a ɗora yaro a bayan tunkiya ya ƙanƙame ulu a sake ta. A nan na ji kaina ina dariya da ƙarfi.

Wajen ƙarfe tara aka kashe fitilu, aka jawo dandamali zuwa tsakiyar ƙasar. Dandamalin yana juyawa a hankali don kowane ɓangare ya ga fuskar mawaƙi. Ina jiran in ga wani ɗan gayu, sai ga wani ƙaton mutum da gemu har ƙirji, gashi har kafaɗa, malafa ta rufe ido, jita a rataye. Mutanensa ba su da yawa, mai ganga, mai babbar jita ta ƙasa, da wata mace a gefensa riƙe da 'yar tambura mai kacau-kacau. Ba masu rawa, ba sauya kaya. Bai yi dogon surutu ba ya buga.

Gaskiya waƙar farko ba ta yi mini ba. Na zo da kunnen Don Williams, wanda yake waƙa kamar yana lallashi, sai na haɗu da jitar lantarki mai ƙara har kujera tana rawa. Surukina ya sunkuyo, karo na farko da ya kawo bakinsa kusa da kunnena, ya ce, "Baba, wannan an gauraya shi da rok ne." Daga baya ya yi mini bayani cewa tun ƙarshen shekarun 1960 matasa suka fara haɗa kantiri da rok, cewa shi wannan ya yi waƙa a ƙungiyar masu kiɗan gargajiyar duwatsun Kentucky ya kuma yi a ƙungiyar rok kafin ya tsaya da kansa. Ni abin da kunnena ya kama shi ne muryar. A shaƙe take, tana da tsatsa, in ya ja ta sama sai ka ji kamar za ta yage, ba ta yagewa. Da na rufe ido sai in rantse baƙin mutum ne ke waƙar, don yadda yake lanƙwasa ƙarshen baiti na mawaƙan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne.

Turancinsa na Kentucky ya fi ƙarfina a wurare da yawa, amma na tsinci abin da ake magana a kai: tafiya, kaɗaici, bashi, mace da ta haƙura da miji har ta gaji, da giya. Giya kam ta yi yawa. Waƙarsa da aka fi sani ma mace yake yabo, amma da wuskin Tennessee yake kwatanta ta, kuma da ya fara ta filin nan gaba ɗaya ya ɗauka, kowa ya ɗaga kofin roba. Wannan bai burge ni ba, har yanzu bai burge ni ba. Na yi aiki da mutanen da kwalba ta cinye, na san ƙarshenta ba ya da daɗin waƙa. Na kuma san abin da malamai suka faɗa a kan kiɗa da saɓanin da ke tsakaninsu, ba fatawa na zo bayarwa ba, abin da ya same ni nake faɗa. Wani abu kuma da na lura, har aka tashi bai ambaci sunan attajiri ko gwamna ko ɗaya ba, ba wanda ya taso ya yi masa liƙi. Kowa ya biya a ƙofa, waƙar kuma ta talakan da ke cikinta ce.

Matar nan ta gefensa ita ce ta kayar da ni. Ba amshi take yi irin namu ba, inda zabiya za ta faɗa a amsa mata. Tare suke shiga, ta ɗora siririyar muryarta a kan tasa, ta bi shi duk inda ya karkata. Na lura ba jama'a yake kallo ba. Mutum dubu saba'in suna ihu, dandamali yana juya shi gabas da yamma, shi kuwa ya karkace yana fuskantarta, ita ma shi take kallo. In zai ja baiti mai wuya sai ya dube ta, ta ɗan gyaɗa kai, sannan ya ja. Allon majigi ya kawo fuskokinsu kusa. Na tambayi surukina wace ce, ya ce matarsa ce, Morgane, tun 2007 suke tare.

Na san wannan gyaɗa kan. Duk ranar da zan fita aiki mai haɗari, ko zan je gaban manya a kan wata magana, a bakin ƙofar kicin ake yi mini shi, ba a cewa komai. Ban san lokacin da abin ya ɓalle ba. Na ji gemuna ya jiƙe, kafaɗuna suna rawa, ina jin wani sauti yana fita daga maƙogwarona da ban san ina da shi ba. Kukan da ban yi a maƙabarta ba, ban yi ranar arba'in ba, shi ya zo mini a tsakiyar Turawa masu kofin giya, a gefen mijin 'yata. Allah Ya taimake ni da duhu da ƙara. Yaron nan bai juyo ba ko sau ɗaya. Ya kafe idonsa a dandamali kamar an ɗaure masa wuya, ya zaro hankici ya ajiye a kan hannun kujerar da ke tsakaninmu, ya janye hannunsa. Wata mata a bayana ta dafa kafaɗata ta ɗauke, ban waiga ba.

Wasan bai fi awa guda da 'yan mintoci ba. A jirgin komawa ba mu yi magana ba, jama'a sun yi yawa. Sai da muka shiga mota ya tayar, ya ce, "Baba, shi ma mutumin nan rasuwa ce ta fito da shi." Ya ba ni labarin cewa Stapleton ya koma Nashville, cibiyar kiɗan kantiri, a 2001, ya yi shekaru yana rubuta wa manya waƙa, irin su George Strait, su yi suna shi yana bayan fage. Mahaifinsa, wanda ya yi rayuwarsa a aikin haƙar kwal, ya rasu a 2013. Matar ta ga yadda ya koma, sai ta saya masa tsohuwar Jeep ƙirar 1979 a can Arizona, suka tafi suka tuƙo ta zuwa gida ta cikin hamada. A wannan tafiya ya fara waƙar da ta zama sunan faifansa na farko, Traveller, wanda ya fito a 2015. A watan Nuwamban shekarar ya lashe kyaututtuka uku a bikin mawaƙan kantiri, ya yi waƙa tare da Justin Timberlake a talabijin, kafin mako ya zagayo faifan ya hau kan gaba a duk Amurka, yana da shekara 37.

Na ce, "Matar kirki ce." Ya ce, "Haka Mama take." Mama yake ce wa marigayiya. Sai ya gaya mini abin da ban sani ba, cewa lokacin da yake neman auren 'yata ina ta jan ƙafa saboda za a kai ta nesa, marigayiya ce take kiransa a ɓoye tana cewa ya ƙara haƙuri, Likita ba ya son a matsa masa, amma yana saukowa. Na ce haka ta ce? Ya ce wallahi haka ta ce. Daga nan na fara ba shi labarinta, tun daga ranar da na fara ganinta a gidan yayanta, da zaman da muka yi a ɗaki ɗaya a barikin ma'aikata, da jan farcen da ta liƙe kaset da shi. Mun iso gida ya kashe mota, ba wanda ya buɗe ƙofa. 'Yata ta ce ta leƙo ta taga ta gan mu, ta koma ta kwanta.

Washegari Juma'a, Alicia Keys ce za ta hau dandamalin, na ce wannan kam su je abinsu. Da muka dawo daga masallaci aka kawo tuwon semo miyar kuɓewa, ya ɗauki nasa zai shige ciki yadda ya saba. Na ce ya zauna. Mun ci, kwano daban-daban, amma a falo ɗaya.

Na dawo gida bayan an sake buɗe filin jirgin Abuja, wanda aka rufe mako shida a lokacin don gyaran titin sauka. A makon farko na nemo babbar rigar nan na ciro makulli. Na kira liman da yayan marigayiya da yara, aka buɗe ɗaki, aka ƙirga zannuwa da 'yan kunne da tumakinta da ke hannun wani makiyayi, aka ba kowa rabonsa yadda shari'a ta ce. Tsohuwarta ta karɓi nata tana sa mini albarka. A ƙasan akwatinta muka tarar da kaset ɗin nan mai jan farce, limamin ya tambaya ko shi ma a sa shi a lissafi, yaran suka ce sun yafe mini. A watan Satumba surukina ya bugo waya ya ce Don Williams ya mutu, ranar 8 ga wata. Muka yi kusan rabin awa muna hira, har da farashin dusa.

Na koma kara. Makiyaya sun ci gaba da kirana, yanzu ma da tsakar dare sai a buga a ce saniya ta kasa haihuwa. Na kuma gwada abin da na gani a kan yaran unguwarmu, na sayi 'yan tumaki na raba wa wasu 'yan sakandare da sharaɗin kowa ya riƙe littafi yana rubuta abin da ta ci da ranar da aka yi mata allura. Wasu sun riƙe, wasu iyayensu sun sayar kafin Babbar Salla. Abokan majalisa kuwa har yau in gardama ta yi zafi sai wani ya ce a bar Likita, shi da ya je Amurka gidan rawa da surukinsa.

Da Ummi ta kai shekarun hawan tunkiya rigima ta tashi a gidansu. Uban yana so, uwar ta ce ba za a karya mata 'ya ba. Aka kira ni a waya in raba gardama, 'yata tana da tabbacin zan goyi bayanta. Na ce a sa mata hular kwano a ɗora ta, jikar likitan dabbobi ce. Sun turo mini bidiyon. Tunkiyar ba ta yi taku biyar ba amaryata ta faɗo, ta tashi da ƙasa a baki tana neman a sake ɗora ta, uwar kuma ta yi mako guda tana gaishe ni a taƙaice.